Amshi Ki Ci

Duk garin Kalgo babu wanda bai san masar Rahamatu ba, babu kuma wanda bai san bakinta ba. Masar a ci a lashe yatsa, bakin kuwa a ji a nemi hanyar gida. A shekarar da ta biyo bayan annobar murar nan da ta share mutane, Rahamatu ta zama mace mai fushi da kowa. Tana fushi da itacen da ya ƙi kamawa, da mai sayen da ya tsaya zaɓe, da kajin maƙwabta, kai, har da Wanda ya halicci kajin.

Kuma tana da dalili. Ita ba 'yar garin ba ce. A Lakwaja aka haife ta, can inda Kwara ta haɗu da Binuwai. A nan aka yi mata baftisma, a nan ta auri Albarka, mai gyaran wayar tangaraho. Aiki ya kawo shi Kalgo yana duba turakun waya tsakanin Birnin Kebbi da Jega, ita kuma ta biyo shi da tsohuwar uwarta, Laure. Su ukun nan su kaɗai ne Kiristoci a garin, cocin da ta sani kuwa sai an yi tafiyar makonni. Da mura ta kama Albarka, Rahamatu ta yi kwana biyar a durƙushe tana roƙo har gwiwoyinta suka yi kanta. Rana ta shida aka binne shi a bayan gari. Ta dawo ta kakkaɓe zaninta, daga ranar ba ta sake buɗe baki ta yi addu'a ba. Ba barin addinin ta yi ba. Gaba take yi da Ubangijinta, irin gabar 'yan ɗaki ɗaya, ana ganin juna ba a magana.

Kamar wannan bai isa ba, sai gigin tsufa ya kama Laure. Da fari mantuwa ce ta yau da kullum, ta ajiye ludayi ta neme shi yana hannunta. Daga nan ta manta Albarka ya mutu, kullum sai ta ɗebe masa tuwo. Daga baya ta manta an taɓa yin wani Albarka. Ranar da ta dubi Rahamatu ta ce, "Baiwar Allah, ɗiyar wa ta ke?" Rahamatu ta shiga bayan ɗaki ta ciji zaninta don kada maƙwabta su ji kukanta. Ita ke yi wa tsohuwar wanka, ita ke wanke tabarmar da ta ɓata, ita ke bin ta bakin fadama ta dawo da ita, amma ladanta kullum shi ne a kira ta baiwar Allah.

Hausar Lakwaja ma ta zube daga bakin Laure, ta koma harshen ƙuruciyarta. Domin ita 'yar Gwandu ce, 'yar gidan malamai. Tana da shekara goma mahara suka ɗauke ta a gona wajen Maruda, aka yi ta sayar da ita hannu zuwa hannu har ta faɗa Lakwaja, inda mutanen mishan suka fanshe ta. Shekara talatin ita ke toya gurasar Jibin Ubangiji a cocin can, ita ke wanke ƙoƙon da ake sha. Tana tsaye a gefe duk ranar da limamin coci ya karya gurasar nan ya miƙa wa masu ibada, ya bi da ƙoƙon, yana faɗin maganar da Almasihu ya yi wa almajiransa kafin a kama shi.

To, wannan maganar ita kaɗai gigin ya bar mata. Duk abin da aka sa mata a hannu in dai yana karyuwa, masa ko ƙosai ko dunƙulen fura, sai idonta ya washe. Ta karya shi biyu, ta miƙa wa wanda ke kusa, ta ce da harshen Gwandu, "Amshi ki ci, jikinai na, da anka karya don ke." In kuma soɓorodo ne a ƙoƙo, jan ruwan nan da Rahamatu ke dafawa tana sayarwa tare da masa, sai ta ɗaga shi da hannu biyu ta ce, "Sha, jininai na, da anka zubar don ke." Sai an karɓa sannan take cin sauran.

Rahamatu ba ta taɓa karɓa ba. "Ajiye kayanki, Inna, na ƙoshi," shi ne amsarta kullum. Mai karɓa ita ce Halima, 'yar shekara shida, ɗiyar Hajjo da Basharu masunci, waɗanda danga ɗaya ta raba su da gidan Rahamatu. Yarinya ta ga masar banza, ina ruwanta da abin da tsohuwa ke faɗi? Kullum da safe sai ta kutsa ta ƙasan danga ta zauna gaban Laure ta buɗe hannu. Rahamatu kuwa ta ga sauƙi ya zo mata, tsohuwa na cin abinci ba sai an yi kokawa ba, sai ta ƙyale su. Wannan ƙyaliyar ita ta ja mata ruwa.

Da kaka zazzaɓi ya kwantar da Halima. Kwana uku jikinta na wuta tana sambatu, kuma abin da take faɗi bai wuce kalma biyu ba. Rana ta huɗu da hantsi, Rahamatu na juya masa a tanda, sai ta ji hayaniya ta nufo gidanta. Basharu ne a gaba da gorar tuƙin jirgi a hannu, bayansa rabin unguwa.

"Ke Rahamatu!" in ji shi. "Hiddo muna da tsohuwag ga!"

Ba ta ko ɗaga kai ba. "Ta taka maka kifi ne?"

"Ɗiyata na kwance tana hwaɗin Laure, jini, Laure, jini. Ba ta kiran uwatta, ba ta kirana. Kowa unguwag ga ya ji abin da tsohuwa ka ce mata. Da bakinta taka hwaɗi, ba wani yac ce ba. Jikin wa taka ba ta? Jinin wa?"

Sai wata murya daga baya ta ce, "Jinin Albarka na! Ita tac cinye surukinta!"

Rahamatu ta miƙe da itace mai wuta a hannunta. Ta san abin da suke nufi sarai. A ƙasar nan in maras lafiya ya kira sunan wani cikin sambatu, an gama shari'a, wancan maye ne, ya kama kurwarsa. Balle tsohuwa baƙuwa, balle mai zancen cin jiki da shan jini da rana tsaka.

"Ku saurara, jahilan banza," ta ce. "Ibadarmu ce. Maganar Almasihu ce take maimaitawa, abin da ake faɗi a coci. Masa ce da soɓorodo, ni na dafa su da hannuna."

Da ta sani da ta yi shiru. "Kun ji ko?" in ji Basharu, ya juya ga mutane. "Ashe dut gidan na! Ibadassu cin mutum ta!"

Nan Hajjo ta ratso taron. Idonta ya kumbura, ɗankwalinta ya zame ba ta ko lura ba. Ta zube gaban Rahamatu ta kama ƙafarta. "Rahamatu, don Allah, don darajar maƙwabtaka. Ni ban ce mayya ta ba. Bari dai tsohuwa ta tsallaka Halima sau ukku, ta kurkure baki a ba yarinya ta sha. In ba ita ba ta, mi kunka rasa?"

Abin da ya fi ƙona wa Rahamatu rai ke nan. Wannan Hajjon ita ta yi kwana bakwai tana miƙo mata tuwo ta kan danga da Albarka ya mutu, lokacin da kowa ke gudun gidan. Ga ta yau tana tambayar me za a rasa. Ai wanda ya tsallaka ya amsa laifi. Kuma ba da zani ake tsallakawa ba, tuɓe wa mutum ake yi a gaban jama'a, don kada ya ɓoye kurwar a cikin tufa. In yarinya ta tashi a ce mayya ta sake ta, in ta mutu a ce mayya ta ƙi.

"Sakar mini ƙafa, Hajjo," ta ce. "Tsohuwar da ba ta san hanyar makewayi ba ita za ta san hanyar kurwar 'yarki? Ki nemi magani, zazzaɓi ne. Amma uwata, an tuɓe ta sau ɗaya a kasuwar bayi tana 'yar shekara goma. Ba za a sake ba ina numfashi. Duk wanda ya haifu cikin uwarsa da ubansa ya matso."

Babu wanda ya matso. Wataƙila ma da abin ya tsaya a zage-zage, sai ga Laure ta fito daga ɗaki. Ta ga taro ya cika gida, fuskarta ta cika da murna irin wadda Rahamatu ta daɗe ba ta gani ba. Ta sunkuya ta ɗauki masa daga faifai, ta tako a hankali har gaban Basharu, ta karya ta miƙa masa.

"Amshi ka ci," in ji ta, "jikinai na."

Basharu, ƙaton da ke kama giwan ruwa da hannu, ya ja da baya har ya faɗa kan danga. Mata suka ɗauki salati. Wani ya jefo hoge ya sami Laure a kafaɗa, ita kuwa ko a jikinta, murmushi kawai take yi. Da ƙyar mai unguwa Haruna ya raba, ya yanke magana a taƙaice. Ko dai tsohuwa ta tsallaka, ko kuwa kada azahar ɗin gobe ta same su a Kalgo.

Da aka watse, gida ya yi tsit, masa ta ƙone a tanda. Laure na tsaye da gutsurenta ba wanda ya karɓa. Ta waiwaya ta ga Rahamatu, ta nufo ta, ta miƙa. "Amshi ki..."

Rahamatu ta doke hannun. Ba ƙaramin duka ba, har ƙarar ta fito. Masar ta faɗi ƙasa, kaza ta figa ta yi bayan rumbu da ita. Sannan ta kama bakin uwarta da yatsu ta matse. "Ki yi shiru! Ki yi mini shiru! Baki shi ke yanka wuya, naki ya yanka namu mu biyu. Kin manta ni, kin manta sunanki, wannan kaɗai kika ga damar riƙewa?" Da ta saki, Laure ba ta yi kuka ba. Ta dubi bayan hannunta inda dukan ya sauka, ta sa shi cikin zani ta ɓoye.

Wuri ɗaya ya rage musu a duniya. Tun Laure na da hankalinta takan ba da labarin gidansu a Gwandu, da ƙanenta Khalilu da ta bari yana ɗan shekara biyar. Amma takan ƙara da cewa, "Kada ki kai ni. Gidan malamai ne, zan zame musu abin kunya." Shekara uku suna Kalgo ba su taka can ba. Yanzu kuwa ba zaɓi. Rahamatu ta ba da akwatin kayan aikin Albarka ta karɓi jaki, ta cire ƙaramin gicciyen da ke wuyanta ta ƙulle a bakin zani, ta ɗora uwarta, suka fita washegari tun rana ba ta yi zafi ba. Ta kan danga ta ji nishin Halima, ta ji Hajjo na lallashinta. Ba ta yi sallama ba.

Halima dai ta tashi bayan kwana huɗu, kamar yadda yara ke tashi daga zazzaɓin kaka. Mutanen unguwa suka ce ai ga shi nan, an kori mayya yarinya ta warke. Da ta mutu kuma da sun ce mayya ta tafi da kurwar. Irin wannan shari'ar ba a taɓa faɗuwa a cikinta.

A hanya Rahamatu ta yi dabara, kuma ta ji daɗin dabararta. In dai abin da ke karyuwa ne ke tayar da maganar, to an daina ba Laure abin da ke karyuwa. Kunu za ta sha, kuma ba a ƙoƙo a hannunta ba, da ludayi za a ɗura mata. In suka isa Gwandu haka, tsohuwa shiru, babu mai jin komai, sai su sami ɗan ɗaki su lallaɓa.

Dabara ta yi aiki fiye da yadda aka so. Laure ta daina maganar, ta daina kowace magana. Ranar farko ta karɓi ludayi uku. Rana ta biyu, bayan sun wuce Birnin Kebbi, ta datse haƙora, kunun ya riƙa bin haɓarta. Yatsunta kawai ke motsi a kan cinyarta, suna karya abin da babu. Da suka bar Ambursa sai da Rahamatu ta ɗaure ta a kan jaki da zani don kada ta zamo.

A wannan hanyar ne, tsakanin gonakin gero da aka girbe, Rahamatu ta karya gabar shekara guda. Ba addu'a ta yi ba, faɗa ta yi. Tana jan jaki tana magana da ƙarfi, wanda ya gan ta zai ce ita ce mai gigin.

"Shekara talatin tana toya maka gurasa. Shekara talatin! Ko sau ɗaya ba ta ƙona ba. Ga sakayyar da ka yi mata, hoge a kafaɗa. Ka ɗauke Albarka ban ce komai ba. To, na ce, amma ba ka amsa ba. Ka kwashe mata kai tas, ka bar mata abu ɗaya, shi ma wanda zai sa a kashe ta. Wannan wace irin kyauta ce? Hausawa sun ce in maye ya manta, uwar ɗa ba ta mantawa. To ga uwar ɗa ta manta. Kai fa? Kai ma ka manta da mu ne, ko kallo kake yi?"

Babu abin da ya amsa sai jakin da ya tsaya cin kara, ta zabga masa tsumagiya.

Ranar Juma'a da hantsi suka shiga Gwandu. Gidan bai yi wuyar samu ba, kowa ya san Malam Khalilu. Dattijo ne siriri mai farin gemu, yana zaune a zaure da wasu magidanta biyu suna duba littafi. Rahamatu ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi, ta faɗi sunan uban Laure da na uwarta, da gonar Maruda. Ta ce mijinta ya rasu, ba su da kowa. Sauran kuwa ta haɗiye.

Malam ya sallami baƙinsa. Ya fito ya tsaya gaban jaki ya daɗe yana duban tsohuwar da ke ɗaure a kai. "Shekara hamsin da biyar," in ji shi. "Mata ukku sun zo gidan ga suna cewa su na. Ɗaga man hannunta na hagu."

Rahamatu ta ɗaga. Daga gwiwar hannu zuwa wuyansa tabon ƙuna ne, tsoho, ya yi sheƙi. Malam ya ja ƙafar wandonsa, ga irinsa a ƙaurinsa. "Wutar karatu," ya ce. "Ni nah hwaɗa ciki, ita tah hidda ni." Ya kama hannun da nasa biyu. "Adda. Adda Laure. Ni na, Lilu."

Laure ta dube shi kamar yadda take duban kututture. Dattijo ya yi kuka a tsaye a bakin zaurensa, bai damu da masu wucewa ba.

Aka shiga da su cikin gida, aka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki. Matarsa Fatsuma ta kawo ruwa, mata suka kewaye suna sannu da hanya. Rahamatu ta fara jin numfashinta na sauka. Sai ga Fatsuma ta dawo da faifai, ta buɗe. Masa ce, ta sadakar Juma'a, tana tururi.

"A'a!" Rahamatu ta ce da sauri, ta sa hannu ta tare. "Ba ta cin mai tauri, Kawu. Kunu kawai take sha."

"Adda da masa?" Malam ya yi dariya cikin hawaye. "Wagga da ka sato muna ita daga tandar Inna? Dubi yadda tar rame, ɗiyag ga." Kafin Rahamatu ta sake magana ya ɗauki ɗaya ya sa a tafin yayarsa.

Yatsun suka rufe a kanta. Idon da ya yi kwana uku a mace ya washe. Laure ta gyara zama, ta karya masar biyu. Sai ta dubi Rahamatu, ta janye hannun da sauri ta kai shi bakin zani, ta ƙanƙame kafaɗa tana jiran duka. Ba ta san sunan 'yarta ba, amma wannan ta riƙe. Rahamatu ta ji kamar an caka mata wuƙa.

Da Laure ta ga dukan bai zo ba, ta juya ga dattijon da ke gabanta, ta miƙa masa. Muryar ta dushe amma kowa ya ji. "Amshi ka ci, jikinai na, da anka karya don kai."

Fatsuma ta ja da baya da faifanta. "Mi tac ce? Jikin wa?"

Nan Rahamatu ta fashe. Ta miƙe tsaye a gaban kawunta, abin da 'ya ba ta yi. "Jikin Almasihu! Wanda kuke kira Annabi Isa. Mu Kiristoci ne, ni da ita. Na ɓoye muku." Ta kwance bakin zani ta fito da gicciyen ta ɗaga. "Ga shi. Ba mutuwar miji ce ta fito da mu daga Kalgo ba, koro mu aka yi, an ce mayya ce saboda maganar nan. An so a tuɓe ta. Na doke ta don ta yi shiru, ni da ta haifa. Na hana ta abinci kwana uku don kada ku ji. To kun ji. In tsallake za ku ce ta yi, ku faɗa, in korar ce ku yi sauri, jakin na waje ban kwance shi ba."

Malam Khalilu bai dube ta ba. Ƙasa yake kallo, carbinsa ya tsaya a hannunsa. Da ya yi magana, a hankali ya yi.

"Zamna, ɗiyag ga. Ba a yi man tsawa cikin gidana." Ta zauna. "Na ji labarin wagga ibada wurin hwatake masu zuwa kudu. Ba maita ba ta, wanda yac ce maita ta bai yi karatu ba. Amma ba ni ɓoye miki, abin ya yi man zahi. Shekara hamsin da biyar ina roƙon Allah shi maido man ita, ban taɓa zaton haka za ta dawo ba." Ya share fuska da hannun riga. "Sai dai mu wurinmu, wanda hankalinai yag gushe an ɗauke mishi alƙalami. Hisabinta ba hannuna shi ke ba. Da anka ɗauke ta, ba wanda yab bi sawu daga gidan ga. Mu ad da abin amsawa. Ɗakin uwarmu na nan, ku shiga."

Rahamatu ta rasa da wa za ta yi faɗan. Ta taho da shi cike da ciki tun daga Kalgo, ga shi ba inda za ta sauke.

Duk wannan abin hannun Laure na miƙe. Gutsuren masar na nan a tafinta, ba ta sauke ba.

"Ni ba ni amsa," in ji Malam. "Addinina bai ba ni ba, kuma ba ni yi mata ƙarya ko da ba ta sani. Amma ke naki na. Tun yaushe taka miƙo miki?"

"Ai ba limami ba ce, Kawu. Masa ce kawai. Na san da me ake yin ta, sana'ata ce." Ta kau da kai. "Kuma ni da Shi ba ma magana."

"Wannan tsakaninku. Ni dai hannun yayata nika gani, ya gaji."

Rahamatu ta dubi hannun. Ga tabon wuta, ga kuma ɗan shatin da ita ta bari a bayansa. Ta matso da gwiwa, ranta har yanzu a ɓace, haƙoranta a datse. Laure ta ga ta nufo ta, ta runtse ido. Sai Rahamatu ta yi abin da aka koya mata tun tana yarinya a Lakwaja, abin da jikinta ya tuna ba tare da ta sa shi ba. Ta ɗora tafin dama a kan na hagu, ta ɗaga su, ta sunkuyar da kai.

Laure ta buɗe ido ta ga hannuwan. Halima ba ta taɓa buɗe hannu haka ba, babu wanda ya yi tun da suka bar Lakwaja. Tsoron ya bar fuskarta. Ta sa gutsuren a tsakiyar tafin, ta danna shi da yatsa kamar mai gudun kada ya faɗi.

"Amshi ki ci, jikinai na, da anka karya don ke." Sai ta leƙa fuskar Rahamatu, ta ɗaure gira. "Kin daɗe ba ki zo ba."

Ko ɗiyarta ta gane, ko wata ce daga masu zama a bencin baya a cocin Lakwaja, Rahamatu ba ta sani ba, ba kuma za ta taɓa sani ba. Hawaye suka ɓalle mata. "Fushi nake yi, Inna," ta ce.

"Ba a hushi da abinci," in ji Laure. "Ci."

Rahamatu ta ce amin da ƙyar. Ta kai masar baki. Ta ɗan yi tsami, an kuma cika mata mai, ita da ba haka za ta toya ba. Ta tauna tana kuka. Laure ta zuba mata ido har sai da ta ga ta haɗiye, sannan ta cinye ɗaya rabin, ta lashe yatsa, ta miƙa hannu wajen faifan Fatsuma tana neman wata.